Kawu da Rijiyar Bakin Burtali

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu ya rasu a ƙarshen daminar da ta wuce, a gidansa na Gashuwa, bayan jinyar da ba ta ja lokaci ba. Yayan mahaifiyata ne, amma a hannunsa na tashi, shi da matarsa da muke kira Inna. Da aka bugo mini waya ina makarantar da nake koyarwa a Nguru, ban ji kamar kawu na rasa ba, uba na rasa. Na jinkirta wannan ta'aziyya har bazara ta shigo. Da a lokacin na rubuta, yabo kawai zan jera kamar kowa. Yanzu kuwa raina a ɓace yake, kuma ba ni da niyyar ɓoyewa.

An yi taro. Tabarmi har bakin titi, motoci sun tare hanya, masu adaidaita sai zagayawa suke ta bayan layi. Muna daga cikin gida muna jiyo muryoyin maza ta zaure. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai akwai taurin kai." Wani ya ce, "Ai rabin rijiyoyin ƙasar nan da saninsa aka haƙa." Akwai wani babban mutum, wanda na san sarai da hannunsa aka ɗauke Kawu daga kan aikinsa shekarun baya. Shi ya fi kowa sharar hawaye, har da fyace hanci, yana cewa ƙasa ta yi rashin masani. Inna ta gane muryarsa, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da ido kan carbinta.

A ɓangaren mata, wata tsohuwa Babarbariya da ta biyo mota daga Nguru ta kama hannun Inna ta yi mata sannu da harshensu ta ce, "Wushe da haƙuri, Hajiya. Mai Igiya ya tafi ya bar mu." Da wannan suna ƙauyuka suka san shi, saboda igiyar awon da yake zurawa a rijiyoyinsu.

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba, Arɗo, shugaban rugar Fulanin da ke zaune a gefen gonar Kawu ta Katuzu. Ya zo a bayan a-kori-kura da ƙwaryar nono, ya miƙa aka shigo da ita. Na hango shi ta ƙofar zaure a ƙarshen tabarma, wajen takalma. Nan ya zauna har la'asar, ya shafa addu'a, ya tafi.

Ranar addu'ar bakwai Yaya, babban ɗan Kawu, wanda ke kwangila a Kano, ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi da ƙannensa za su yi wa mahaifinsu sadaka mai gudana. Za su haƙa burtsatse mai sola a gonar Katuzu, da tanki da famfuna, kowa ya sha, lada ya isa kabari. Wuri ya ɗauki kabbara, liman ya sa albarka. Ni kuwa ban bi su da kabbara ba, domin na san abin da ke bakin gonar nan: tsohuwar rijiya ta guga, wadda rugar Arɗo da shanunsu ke sha. Kawu ya ƙare tsufansa yana tsare rijiyar nan ne daga irin wannan burtsatsen.

Mutane sun ɗauka haƙa rijiya ne aikinsa. Ba shi ba ne. Ya yi karatun ilimin ƙasa ya dawo gida, aikinsa kuma shi ne ƙiyasta ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar nan tamu, da nawa za a iya ɗiba ba tare da an kashe shi ba. Yakan shafa wa bakin igiyarsa alli, ya zura a rijiya, ya jawo ya ga inda allin ya jiƙe. Sai ya sa a tayar da inji ya yi ta ja, shi kuma yana zagaya rijiyoyin maƙwabta yana duba yadda suke sauka. In an kashe injin, ya nemi inuwa ya zauna, yana jiran ya ga yadda ruwan zai dawo. Wannan zaman shi ke ƙona ran 'yan kwangila. Su dai ruwa ya fito, a yi tafi, a ɗauki hoto, a watse. Shi kuwa cewa yake, "Fitowa ba ta dame ni ba, dawowa nake jira."

Ina sakandare na taɓa tambayarsa, tunda an ce akwai teku a ƙarƙashinmu, me ya sa yake hana mu wanke tsakar gida da bokiti.

Ya ce, "Wa ya ce miki teku, Uwata?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba.

Ya sa na ɗauko wani tsohon gwangwanin madara mai huji a gindi, na cika shi da yashi. Ya toshe hujin da yatsa, ya tsiyaya ruwa kofi guda har yashin ya shanye, sannan ya tara kofin ya cire yatsa. Muka zuba ido. Abin da ya dawo cikin kofin ko kusa bai kai wanda aka zuba ba.

Ya ce, "Ina saura?"

Na ce, "Yana cikin yashin."

Ya ce, "To karɓo mana shi." Na yi ta girgiza gwangwani, sai ɗigo. Ya ce, "Haka ƙasa take. Ba kogo ba ne cike da ruwa, jiƙaƙƙen yashi ne. Wani ruwan zai ba ki, wani ya riƙe abinsa. Duk wanda ya ce miki ga yawan ruwan da ke ƙasa, bai gaya miki komai ba tukuna. Tambaye shi nawa zai fito, sannan nawa damina da ambaliya za su mayar."

Inna ta leƙo daga kicin ta ce in malami da ɗaliba sun gama wasan ƙasa a maido mata da kofinta.

A wurinsa na ji cewa ruwan ƙasar nan hawa-hawa ne. Na sama yana cikin yashi, kogi ke ciyar da shi idan ya yi ambaliya ya kwanta a fadama. Ƙarƙashinsa akwai yumɓu mai kauri, can ƙasa kuma wani tsohon ruwa ne da ruwan sama ba ya kai masa, in an ɗiba an ɗiba ke nan. Yakan ba da labarin burtsatsen da ya tarar a gabas yana matashi, masu feso ruwa da kansu ba inji, ba marfi, har suka yi tafkuna a daji. Ya ce ya yi ta roƙo a sa musu makulli, aka ce yana so ya kulle baiwar Allah. Ya rayu har ya ga sun koma ɗiga, wasu kuma sun yi shiru gaba ɗaya. In ya zo nan a labarin yakan tsaya, ya nemi rediyonsa.

Ba zan yi ƙarya in ce Kawu mai sauƙin zama ba ne. Baƙo ya ɗauki buta zai yi alwala, Kawu yana kallon hannunsa har ya gama, mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ruwan ɗauraya ba a zubar da shi a gidanmu, sai an kai wa bishiyar lemo, kuma shi da Inna sun sha yin ta a kan wannan. Bakinsa ba ya tauna magana. Wani maƙwabcinmu mai sanƙo ya taɓa ce masa a majalisa, "Haba Mai Igiya, ruwan ƙasa ai ba ya ƙarewa." Kawu ya dube shi ya ce, "Haka ka ce game da sumarka." Mutumin bai sake zama majalisar ba sai bayan salla.

Wannan bakin ne ya raba shi da aikinsa. An shirya wani gagarumin noman alkama na rani, aka tara jama'a a Gashuwa, babban mutumin nan mai hawaye yana kan kujerar gaba. Aka ce Kawu ya tashi ya tabbatar wa jama'a ruwa zai isa. Ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, zai ishi rabin abin da kuka zana, in kogi ya kawo. In bai kawo ba, rabin ma da wuya."

Babban mutum ya sha mur ya ce, "Malam, magana ɗaya muke so, ba kila-wa-kala ba."

Kawu ya ce, "Ni ma ita nake so, ranka ya daɗe. Amma ƙiyasi na yi, ban shiga ƙasan na gano ba. Abin da na tabbatar shi ne yawan ruwan da kuke nema ba ya nan."

Ba a jima ba aka mayar da shi kula da wani sito cike da matattun injina, can ya zauna har ya yi ritaya. Inna ta ce ranar da aka ba shi takardar canjin ya dawo gida ya ci tuwonsa har da neman ƙari. Ita ce ta kasa ci.

Da ya yi ritaya ya koma gonar gado ta Katuzu. Burtali ya bi ta gefenta, wato hanyar shanu, a bakin burtalin kuma rijiyar nan take, da kwamin shayarwa a gindinta. Kawu ya yi awonsa na daminoni da rani, ya kafa wa kansa doka: ƙananan injina biyu kawai za su ja ruwa a gonar, kuma da bazara ta kama sai a bar rabin gona ba shuka. Maƙwabta suna ta dariya, wai boko ya cinye masa noma. Shi kuwa ya san yashin da injinsa ke tsotsa shi ne yashin da gugar Arɗo ke taɓawa.

Akwai shekarar da kogi bai kawo sosai ba, rijiyar ta soma ja da baya. Attaruhun Kawu yana tsakiyar fure. Ya je ya zura igiya, ya dawo ya kashe injinan duka biyu, ya ɗora su a babur ya kawo gida. Attaruhu ya ƙone a tsaye. Inna ta yi kwanaki ba ta ce masa ci kanka ba, kuma ban ga laifinta ba, don a wannan attaruhun aka sa ran rufin ɗakinta. Rijiya dai ta riƙe har ruwan farko ya sauka. Arɗo ya jawo rago har Gashuwa, Kawu ya ce ya mayar da abinsa. "Nono dai ku riƙa kawowa, shi ne Hajiya ba za ta yi fushi da shi ba."

Rigimarsa ta ƙarshe da Yaya ce, a sallar da ta zama ta ƙarshe a gare shi. Ina wurin, ina zuba musu shayi. Yaya ya miƙa masa waya yana nuna masa hotunan gonakin abokansa masu sola.

Ya ce, "Baba, an daina wahalar mai. Rana kyauta ce."

Kawu ya ce, "Ai shi ne abin tsoron. Da, in mai ya ƙare inji ya tsaya, ƙasa ta huta. Tsadar mai ta fi ni iya tsaron ruwan nan. Yanzu wa zai kashe rana?"

"Baba, kowa fa yana yi."

"Kowa kuma daga yashi ɗaya yake sha." Ya ture wayar. "In na mutu ku yi abin da kuka ga dama. Amma ina numfashi ba mai huda gonar nan."

Don haka da aka watse daga addu'ar bakwai na tare Yaya a zaure. Na ce, "Yaya, ka san ba ya so."

Ya ce, "Wancan na noma ne, wannan sadaka ce."

Na ce, "Yashin bai san bambanci ba. Rijiyar Arɗo za ta ƙafe."

Ya ce, "Shi da bakinsa ya ce in ya mutu mu yi abin da muka ga dama, kina wurin. Ko ke ce za ki hana a yi wa ubana sadaka?"

Ubana. Na tashi a gidan nan, na yi jinyar mutumin nan, amma ranar aka tuna mini matsayina. Inna tana takaba, ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce su bar gonar yadda ya bar ta. Yaya ya ce, "Inna, ki ji da takabarki, wannan maganar maza ce." Na je wurin liman. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce niyyar 'ya'yan mai kyau ce, shayar da ruwa kuma yana cikin mafi girman sadaka. Bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɗaure ni ke nan: a ƙasar nan wa ya isa ya fito ya ce kada a haƙa wa mamaci rijiya? Da Yaya cewa ya yi zai faɗaɗa noma, da dangi sun taka masa birki. Da ya kira shi sadaka, sai kowa ya yi shiru, ni kuma na zama mai baƙin ciki da ladan Kawu.

Abu ɗaya na samu: Yaya ya yi alkawarin za a zarce ƙasa sosai, a wuce yumɓun nan, don kada a taɓa ruwan sama. Wannan ma Kawu ba zai so ba, amma aƙalla rijiyar za ta tsira. Ranar haƙa Yaya yana Kano. Masu haƙa suka ga ruwa ya feso a yashin sama, suka tsaya nan, suka sa bututu. Ba wanda ya zagaya ya leƙa rijiya, ba wanda ya zauna jiran dawowa. Aka ɗauki bidiyo aka turo mana a zauren dangi na waya, kowa yana rubuta masha Allah. Aka ɗora tanki, aka rubuta sunan Kawu a jikinsa da manyan baƙaƙe.

Daga nan abin ya bi hanyarsa. Tanki yana cika tun hantsi yana zuba, sai aka ce maimakon asara gara a ja bututu zuwa gona. Da bututu ya shiga gona, sai aka ce ai zunubi ne a bar rabin gona ba shuka ga ruwa. Aka shuke ta kaf, har gefen burtali, aka ja shinge. Famfunan suna cikin shingen. Mata za su iya shiga da jarka, amma shanu ba za su shiga ba, kada su tattake attaruhu. Ban san wanda ya taɓa shayar da garke da jarka ba.

Makon jiya na hau babur daga Gashuwa na je Katuzu. Gona ta yi kore shar, har tana ɗaukar ido. Na wuce ta na isa bakin burtali. Kwamin shayarwa ya bushe har ya tsage. Na zura guga da kaina, na ji ta bugi ƙasa, na jawo ta da laka a gindi. Can gefe matan ruga suna kwance bukkoki, ana ɗaure ƙore a kan jakuna.

Arɗo ya hango ni ya taho, sandarsa a kafaɗa. Ya tsufa fiye da yadda na gan shi a zaman makoki.

Ya ce, "Sannu Malama. Yaya Hajiya? Ta fita takaba?"

Na ce ta fita. Na ce, "Arɗo, ina zuwa haka?"

"Za mu yi wajen Jakusko. An ce akwai ruwa kaɗan. In babu, mu ƙara gaba." Ya dubi shanunsa, duk ƙashin haƙarƙari a waje. "A nan aka haifi 'ya'yana, Malama, a nan na binne uwarsu. Amma nagge ba ta shan haƙuri."

Sannan ya ci gaba.

"Mun yi wa masu aikin gona magana, suka nuna mana rubutun tanki. Suka ce sunan Mai Igiya ne, wai shi ya bar wasiyya a yi. To mun zauna da shi shekara da shekaru, bai taɓa cutar mu ba. Wataƙila da ciwo ya yi tsanani ne ya manta da mu, ciwo yana sa haka. Mun taru mun yi magana, manya da yara. Ki gaya wa Hajiya kada ta damu, mun yafe masa. Ba za mu riƙe shi a kabari ba."

Na ce, "Wallahi Arɗo ba shi ba ne! Bai bar wasiyya ba. Har ya mutu yana hanawa!" Ina faɗa ina kuka.

Ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda ake yi wa mai rufa wa nasa asiri. Ya ce, "Ai dole ki kare shi, Malama, naki ne. Allah Ya ba ki lada. Mu dai mun yafe." Ya juya ya koma wajen jakuna.

Ban gaya wa Inna ba har yau, ban san ta inda zan fara ba. Ruga ta tashi, kuma duk inda suka sauka haka za su ba da labari: Mai Igiya ya riƙe musu rijiya yana raye, ya ƙafar da ita da zai mutu. Su ba za su karanta wannan ba. Ku da kuka cika tabarmi kuna kabbara ku za ku karanta, shi ya sa na rubuta.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya sanyaya kabarinsa. Kurakuransa na gaske, kaifin bakin nan da taurin kai, Allah Ya shafe masa su. Wannan laifin da Arɗo ya yafe masa kuwa ba nasa ba ne. Masu shi suna nan da ransu, attaruhunsu ya kusa shiga kasuwa, kuma ba su nemi yafiyar kowa ba.